Azurfa da Tagulla: Shin Wanda Bai Ci Zinare Ba Ya Gaza Ke Nan?

Ranar Asabar, 20 ga Agusta, 2016, a birnin Belo Horizonte na ƙasar Birazil, alƙalin wasa ya hura tashi Najeriya tana da ci 3, Honduras tana da 2. Sadiq Umar ya zura ƙwallo biyu, Aminu Umar ya zura ɗaya. Da wannan sakamako tawagar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta samu lambar tagulla a gasar Olamfik ta Rio, kuma ita kaɗai ce lambar da ƙasar nan ta dawo da ita gida a wannan shekarar. Cikin waɗanda aka rataya wa lambar har da wani ɗan Sakkwato, Shehu Abdullahi, mai tsaron baya, tsohon ɗan wasan Kano Pillars.

Kwana uku kafin nan, Jamus ta ci su 2 da nema a wasan kusa da na ƙarshe, burin zinare ya rushe. To, ga tambayar da muka kawo muku a wannan mako: shin Shehu da abokansa sun gaza? Kada ku yi gaggawar amsawa sai kun ji yadda suka isa filin.

Tawagar ta yi sansanin atisaye ne a birnin Atlanta na Amurka. Da lokacin tafiya ya yi, sai matsalar kuɗin jirgi ta tsayar da su kwana da kwanaki. Ba su sauka a birnin Manaus ba sai ana saura 'yan sa'o'i a take wasansu na farko da Japan. Sauran ƙasashe sun riga sun huta, sun saba da zafin garin. Su kuwa daga filin jirgi sai masauki, daga masauki sai fili. Duk da haka suka ci Japan 5 da 4, Oghenekaro Etebo shi kaɗai ya zura huɗu. Suka fitar da Denmak a zagayen kwata fainal. Irin wannan tafiya ce ta ƙare da tagulla.

Hukuncin gidan kallo

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Boɗinga ko Shagari ya san yadda hukunci ke fita da sauri. Kafin a kashe janareta an riga an gama shari'a: wane rago ne, wane ya tsufa, wane yawon buɗe ido ya je. Haka abin yake a teburin mai shayi a Sifawa ko Danchadi, haka yake a majalisar samari a Kajiji ko Dandin Mahe. Yanzu kuma da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, maganar da a da take mutuwa a kan benci tana iya isa har wayar ɗan wasan da ake zagi.

Mun ga haka a watan Fabrairun 2024. Super Eagles sun kai wasan ƙarshe na Gasar Cin Kofin Afirka, suka fara cin ƙwallo ta hannun William Troost-Ekong, sannan mai masaukin baƙi Kwaddibuwa ta farke ta ƙara, aka tashi 2 da 1. Ƙasashe 24 ne suka shiga gasar, Najeriya ta zo ta biyu. Amma zagin da aka yi wa Alex Iwobi a shafukan sada zumunta ya kai har ya goge hotunansa daga Instagram, sai da kyaftin Ahmed Musa ya fito ya roƙi jama'a su daina. Ga mutumin da ya taimaka aka wuce ƙasashe 22, ga kuma ladan da ya samu daga wasu 'yan ƙasarsa.

Ba laifi ba ne mutum ya ji zafin rashin kofi. Wanda bai damu ba ai ba masoyi ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne mu kan haɗa abu biyu da Bahaushe ya raba tun da daɗewa: shan kaye daban, ragwanci daban. Kaye abu ne da ke faruwa a rana ɗaya, a fage ɗaya. Rago kuwa suna ne da ake liƙa wa mutum, ya bi shi gida, ya bi shi kasuwa.

Mu yi ɗan lissafi

Ku ɗauko biro. A gasar Olamfik ta Paris ta 2024, 'yan wasa kimanin 10,500 ne suka fafata a gasa 329. Kowace gasa wuri ɗaya ne a samanta. Ko da an haɗa da wasannin ƙungiya, inda mutum goma ko ashirin ke raba zinare ɗaya, mafi yawan waɗanda suka je sun koma gida babu shi. Idan duk wanda bai ci zinare ba ya gaza, to Olamfik ita ce taron ragwaye mafi girma a duniya. Alhali kafin mutum ya taka wannan fili, sai ya doke na unguwarsu, na jiharsu, na ƙasarsu, sannan ya cika sharaɗin cancanta da hukumomin duniya suka gindaya.

Mu dawo gida. Najeriya ta fara shiga Olamfik a 1952 a Helsinki. Sai a 1964 a Tokyo ta samu lambarta ta farko, tagullar da ɗan damben boksin Nojeem Maiyegun ya ci. Daga lokacin zuwa yau lambobin ƙasar nan 27 ne, zinare uku kacal a cikinsu: na Chioma Ajunwa a dogon tsalle a 1996, na tawagar ƙwallon ƙafa a wannan shekarar, wadda Garba Lawal da Tijjani Babangida suke ciki, sai na tseren miƙa sanda na maza na shekarar 2000. Idan muka ce zinare kaɗai ne nasara, mun share lambobi 24 daga tarihinmu da hannunmu.

Ratar da ido ba ya gani

A wasan ƙarshe na tseren mita 100 na maza a Paris, Noah Lyles na Amurka da Kishane Thompson na Jamaika duk agogo ya nuna musu daƙiƙa 9.79. Sai da aka duba hoton layin ƙarshe aka ga Lyles ya riga da kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa ɗaya. Ƙiftawar ido ta fi wannan rata tsawo nesa ba kusa ba. Ɗaya ya zama zakaran duniya, ɗaya ya karɓi azurfa. Wa zai dubi Thompson ya ce masa bai iya gudu ba?

Ga tamu Tobi Amusan. A Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, ta zo ta huɗu a tseren mita 100 na tsallake shinge. Kashi biyar cikin ɗari na daƙiƙa ne tsakaninta da tagulla. Na huɗu shi ne matsayi mafi ɗaci a wasanni, domin kana tsaye a bakin ƙofa amma ba a kira sunanka. Shekara ɗaya bayan nan, a gasar duniya da aka yi a jihar Oregon ta Amurka, ta yi gudun a daƙiƙa 12.12, ta kafa sabon tarihin duniya, sannan ta ci zinare. A Paris a 2024 kuma ba ta ma kai wasan ƙarshe ba. Ƙafafun ɗaya ne, mutum ɗaya ce. Wanda ya kira ta raguwa a 2021 ya ji kunya a 2022, wanda kuma ya sake kiran ta haka a 2024 ya manta da abin da ya gani da idonsa.

Azurfar da ta zama zinare bayan shekara 12

Labarin da ya fi kowane koyar da darasi shi ne na Sidni, ƙasar Ostareliya, a shekarar 2000. A tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong ne suka wakilci Najeriya a wasan ƙarshe. Udo-Obong, yaro ɗan shekara 18, wato sa'ar wasu daga cikinku, ya karɓi sanda ana gabansa, ya yi ta cim musu har ya shigo na biyu. Amurka ta ɗauki zinare, Najeriya ta ɗauki azurfa.

A 2008 ɗaya daga cikin 'yan tseren Amurka, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa yana amfani da haramtattun ƙwayoyin ƙara kuzari a wancan lokaci. Aka ƙwace zinaren daga hannun Amurka. A 2012 Kwamitin Olamfik na Duniya ya tabbatar wa Najeriya da shi. Sai dai Sunday Bada bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a watan Disamba na 2011, saura 'yan watanni a yanke hukuncin.

Ku tsaya ku yi tunani a nan. Gudun da Bada ya yi a daren Sidni bai ƙaru da taku ɗaya ba tsakanin 2000 da 2012. Abin da ya canza shi ne launin ƙarfen. Shekara goma sha ɗaya ya rayu ana ce masa na biyu, alhali shi ne na ɗaya. Wanda kuma duniya ta tafa wa a matsayin zakara, shi ne ya ci amanar wasan. Ashe launin lamba ba kullum yake faɗin gaskiyar mutum ba.

A wannan gasa ta Sidni dai, Glory Alozie ta ci azurfa a tseren tsallake shinge, makonni kaɗan bayan mota ta kaɗe saurayin da za ta aura, ɗan tsere Hyginus Anugo, ya rasu a birnin. Allon sakamako ya rubuta mata lamba 2. Bai rubuta abin da ta ɗauko a zuciyarta ta tsallake shinge goma da shi ba.

Darasi daga tsallaken iyaka

Maƙwabtanmu na Nijar suna da abin koya mana. Lambarsu ta farko a Olamfik ita ce tagullar da Issaka Dabore ya ci a damben boksin a birnin Munik a 1972. Daga nan sai da suka jira shekara 44. A 2016, a Rio ɗin da Shehu Abdullahi ya ci tagulla, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kai wasan ƙarshe na taikwando a rukunin masu nauyi, Radik Isaev na Azarbaijan ya doke shi. Ya koma Yamai da azurfa, aka tarbe shi tarbar gwarzo. A 2017 ya je Koriya ta Kudu ya zama zakaran duniya. Ƙasar da ta daɗe tana jira ta san darajar abin da ya shigo hannunta.

Haka abin yake a kokawar gargajiya. Tun 1975 ake gasar Takobi a Nijar. Jihohi takwas ne, kowace tana kawo 'yan kokawa goma, wato mutum 80, takobi kuwa ɗaya. Mutum 79 za su koma gida babu shi, amma makaɗa ba sa fasa yi musu kirari, garuruwansu ba sa fasa fitowa tarbarsu. Ku duba gidan dambe ma. Da wuya a samu ɗan damben da ya daɗe a fage ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Wanda aka kashe yau, gobe shi zai ɗaure hannu ya yi kisa. Abin da 'yan kallo ba sa yafewa shi ne a kira mutum fage ya noƙe. Kakanninmu da ke taruwa kallon kokawa bayan girbi sun riga sun san wannan ma'auni, mu ne muka fara mantawa.

Me ya sa mai tagulla ya fi mai azurfa fara'a?

A 1995 wasu masana halayyar ɗan Adam uku a Amurka, Victoria Medvec da Scott Madey da Thomas Gilovich, suka fitar da wani bincike. Sun tattara hotunan bidiyo na gasar Olamfik ta Basalona ta 1992, suka sa mutane su auna farin cikin da ke fuskar 'yan wasa. Sakamakon ya ba da mamaki: waɗanda suka ci tagulla sun fi waɗanda suka ci azurfa nuna farin ciki. Dalilin da masanan suka bayar shi ne, mai azurfa yana kallon sama, yana cewa saura ƙiris da ni ne. Mai tagulla kuwa yana kallon bayansa, yana cewa saura ƙiris da na tashi a tutar babu.

A wannan gasa ta Basalona aka ɗauki wani hoto da ya zagaya duniya: 'yan matan Najeriya huɗu, Beatrice Utondu da Faith Idehen da Christy Opara-Thompson da Mary Onyali, suna tsalle suna ihu lokacin da allo ya nuna sun zo na uku a tseren miƙa sanda. Wanda bai sani ba zai rantse zinare suka ci.

Abin lura a nan shi ne, mai azurfa yana fama da nasa ciwon tun kafin kowa ya buɗe baki. Shi ya tashi da asuba shekara huɗu, shi ya san inda ƙafarsa ta zame. Zagin ɗan kallo ba ya koya masa wani abin da bai sani ba.

To, babu wanda ke gazawa ke nan?

Akwai. Kuma bai kamata tausayi ya hana a faɗi gaskiya ba, musamman da yake da kuɗin jama'a ake tura 'yan wasa. Wanda ya sha ƙwaya don ya ci, ya gaza ko da zinare ne a wuyansa. Wanda ya rage shekarunsa don ya fafata da ƙannensa, ya gaza. Wanda ya ƙi atisaye, ko ya sayar da wasa, ya gaza.

Sannan akwai gazawar da ba a filin wasa take faruwa ba. A Tokyo, an hana 'yan wasan Najeriya goma shiga gasa saboda ba a yi musu adadin gwajin ƙwayoyi da doka ta tanada ba kafin tafiya. Ba a kama su da laifin shan komai ba, aikin da ya kamata a yi musu ne ba a yi ba. A Paris, Favour Ofili ta cancanci shiga tseren mita 100, amma ba a shigar da sunanta ba. Duk da haka ta kai wasan ƙarshe na mita 200 ta zo ta shida a duniya. Najeriya ta dawo daga Paris babu lamba ko ɗaya, har ministan wasanni na lokacin, John Enoh, ya nemi afuwar 'yan ƙasa. Amma a wannan gasa ce 'yan matan ƙwallon kwando, D'Tigress, suka zama tawagar ƙwallon kwando ta Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai kwata fainal a Olamfik. A teburin lambobi ba za ku ga sunansu ba.

Saboda haka idan an dawo hannu rabbana, akwai tambayoyin da suka fi "wa ya kunyata mu?" amfani. Yaushe aka fara shiri? An biya su haƙƙinsu? Akwai likita da kayan aiki? A ina yaran da za su gaje su suke atisaye yau? Ɗalibin da ke da gudu a Shagari ko Boɗinga, idan yana son ya taka babban filin wasa, sai ya nufi Giginya a cikin Sakkwato. Da yawa ba su taɓa sa takalmin tsere ba, ba a taɓa auna gudunsu da agogo ba. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ƙasar da ke son zinare, gudunta yana farawa ne daga filayen makarantu irin naku.

A filin makarantarku

Wannan magana ba ta manyan 'yan wasa kaɗai ba ce. Ranar gasar wasanni ta gida-gida, a tseren mita 100, mutum shida ko takwas ne za su tsaya a layi, ɗaya ne zai fara taɓa zare. A langa ɓangare ɗaya ne zai sha. Ranar ba da sakamakon jarrabawa, a aji mai ɗalibai 60, mutum ɗaya ne zai zo na ɗaya. Abin da kuka faɗa wa sauran yana da nauyi fiye da yadda kuke zato. Yaron da aka yi wa ihu don ya zo na ƙarshe a aji ɗaya, wataƙila ba zai sake cire riga ya shiga fili ba, alhali jikinsa bai ma gama girma ba. Yarinyar da ta sha fama kafin a bar ta ta shiga tsere, dariya ɗaya ta isa ta mayar da ita gefe har ta gama makaranta. A nan ake asarar zakarun gobe, tun ba a san su ba.

Ga abubuwa uku da za ku iya gwadawa a wannan zango. Na farko, ku nemi malamin wasanni ya riƙa rubuta lokacin kowa ko nisan tsallensa a littafi, ba sunan na ɗaya kaɗai ba. Manyan 'yan wasa suna da abin da suke kira bajinta mafi kyau ta ƙashin kai, wato mutum ya doke abin da shi kansa ya taɓa yi. Wanda ya zo na biyar amma ya rage daƙiƙa ɗaya daga gudunsa na bara ya ci gaba, kuma littafin zai shaida.

Na biyu, idan za ku soki wasa, ku soki abin da aka yi. "Bai miƙa ƙwallo da wuri ba" magana ce da za a iya gyara da ita. "Ba shi da amfani" ba ta gyara komai.

Na uku, idan kai ne ka sha kaye, ka ba kanka dama ka ji zafin, sannan ka je ka miƙa wa wanda ya ci hannu, ka tambayi malaminka inda ka yi sake. Son zama na ɗaya abu ne mai kyau, kada wani ya rage muku shi. Alfaga bai gamsu da azurfa ba, shi ya sa ya koma ya ci zinaren duniya. Amusan ba ta gamsu da na huɗu ba. Amma dukansu sun samu damar komawa fage ne saboda ba su yarda kayen rana ɗaya ya zama sunansu ba.

Shehu Abdullahi ya ci gaba da wasa bayan Rio, har ya buga wa Najeriya Gasar Cin Kofin Duniya ta 2018 a Rasha. A cikin miliyoyin mutanen da aka haifa a ƙasar Sakkwato, ku ƙirga nawa ne suka taɓa rataya lambar Olamfik a wuya, kowane launi ce.

Muhawarar mako

Ga ƙungiyoyin muhawara na makarantu: "Ya kamata makarantu su riƙa karrama wanda ya fi kowa ci gaba kamar yadda suke karrama wanda ya zo na ɗaya." Ku raba aji biyu, masu goyon baya da masu adawa, ku fafata. Ɓangaren da ya sha kaye, kun dai san abin da ba za ku kira shi ba.